Kundayen “Ɗorewa” da Ba Su San Kuɗin Icce Ba

Ƴan uwa ɗalibai, yanzu duk wanda ke karatun kasuwanci ko tattalin arziki a matakin lisansi, in lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, kalmomi uku ne a bakinsa: makamashi, muhalli, ɗorewa. Wannan abin murna ne, domin ƙasarmu na buƙatar masu lissafi a waɗannan fannoni. Sai dai wanda ya karanta kundayen da muke juyawa tsakaninmu, da tsare-tsaren sana'a da ake kai wa gasar matasa, zai ga kusan duka uwa ɗaya ta haife su. Wannan zai yi gawayi da karan hatsi, wancan zai narka leda ya yi bulon shimfiɗa hanya, na uku zai buɗe shagon cajin waya da sola. Dabarun ba su da laifi. Yadda ake rubuta su ne ke da gyara, kuma a wuri uku nake ganin matsalar.

Na farko, kundayen ba su san abokin hamayyarsu ba. Mai tsarin gawayin kara zai cika shafi goma da ɗumamar yanayi da Yarjejeniyar Faris ta 2015, amma ba za ka ga layi ɗaya da ya faɗi nawa ake sayar da ɗaurin icce a Safo ba, ko nawa ɗan amalanke ke samu in ya kai shi Maraɗi. Alhali da iccen nan ne zai yi takara. Matar da za ta ɗora tukunya ba da wata take lissafi ba, da wuni take yi. Icce tana iya sayen na dala ashirin yau, gobe ta ƙara, jibi in babu kuɗi yara su tsinto kara. Shi ya sa ko bayan matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gas ɗinmu na gida ya samu, yawancin gidajen ƙauye ba su bar murhu ba. Butalin gas da kansa sai an tara kuɗi dunƙule kafin a saya, in ya ƙare kuma sai an je birni. Tsarin sana'ar da bai amsa wannan ba, ko da ya sha zane mai launi, ba zai sayar da buhu guda ba.

Kuma kasuwar iccen ba kara zube take ba. Tun 1992 dokar Nijar ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin icce na karkara, su sare bisa ƙa'ida, su karɓi haraji, wani kaso ya zauna a garin. Dajin Baban Rafi, nan cikin Madarunfa, na daga wuraren da aka yi wannan tsari, kuma daga can icce mai yawa ke shiga Maraɗi. To ga tambayoyin kundi na gaske: wa ke cin riba tsakanin mai gatari, mai mota da dillali? Kuɗin da aka ware don gyaran daji, ina suke zuwa? Dajin ƙaruwa yake ko raguwa? Wannan bincike ne da babur da littafin rubutu za su iya, amma mun fi son wanda intanet za ta yi mana.

Na biyu, don wa ake rubutun? In ka duba da kyau, mai saye ba ya cikin kundin. Wanda ake yi wa kwalliya shi ne mai furoje, mai ba da tallafi. Shi ya sa a shafin kuɗi za ka ga an rubuta “gudunmawar abokan hulɗa” a gurbin da ya kamata ciniki ya zauna. Haba jama'a! Sana'ar da za ta tsaya ranar da tallafi ya ƙare, ta yaya za a kira ta mai ɗorewa? Mun sha ganin fitilun sola a bakin hanya da famfunan ruwa sun zama kwalliya, don batir ya mutu ko wani ƙarfe ya lalace, kuma ba wanda ya tanadi kuɗin canji. Faifan sola na iya kai shekara ashirin yana aiki, batir kuwa cikin ƴan shekaru yake gajiya. Ɗalibin da ya sa kuɗin saye bai sa kuɗin canjin batir da ladan mai gyara ba, rabin lissafi ya yi. Kuma batirin da ya mutu, da dalmar da ke cikinsa, ina za a kai shi? Kundin da ke iƙirarin kare muhalli bai kamata ya tsallake wannan ba.

Haka batun kuran. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa. Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina suke sha. Ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Mai walda, mai injin niƙa, mai ƙanƙara, mai ban ruwa da famfon lantarki a Jiratawa, kowa ya ji a jikinsa. Darasin haɗarin dogara da mai kawo kaya guda ɗaya ke nan, a ƙofar gidanmu. Amma kundaye nawa ne suka je suka tambayi masu waɗannan sana'o'i asarar da suka yi, ko nawa suka kashe a man janareto?

Na uku shi ya fi ci mini rai. Misalan da ake kawowa duk na nesa ne: kamfanin motar lantarki na Amurka, injinan iska na Jamus. Ba haramun ba ne a san su, amma kayan aro ba ya rufe katara. Biyu daga cikin dabarun da duniya ke yabo a wannan fanni, a jihar Maraɗi aka haife su. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a nan, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka karɓi dabarar, suka gyara ta da hannunsu: a bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Shi ne sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Manomi bai yi haka don taron ƙasa da ƙasa ba. Ya yi ne don gawo na zubar da ganye da damina ya taki gona ba tare da ya yi wa hatsi inuwa ba, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da rani, kalgo da sabara kuma na ba shi icce. Jarin kaɗan ne, wuƙa da haƙuri, riba kuwa kowace shekara.

Ɗayar dabarar ita ce Mata Masu Dubara, asusun mata da ƙungiyar CARE ta fara a jihar nan a 1991, wanda yau ake kwaikwayo a ƙasashe da dama. Mata su zuba kaɗan kowane mako, su ranta wa juna, su raba a ƙarshen zagaye. Ɗalibin da ke neman hanyar da mace za ta sayi murhun zamani ko butalin gas ba tare da kuɗi dunƙule ba, ai amsarsa na cikin akwatin nan na iyayenmu mata.

Wani zai ce laifin manhaja ne, littattafan daga waje suke, Faransanci ne harshen jarabawa, kuma kuɗin fita bincike babu. Gaskiya ne, kuma malamai ma na da nasu kaso, musamman in suna ba kundin da ya fi yawan ambaton Turawa maki mafi tsoka. Amma Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, shi ma a Faransa ya yi karatu. Ya dawo ya ja ragamar ofishin makamashin rana na ONERSOL, ya ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana, kuma tun 1964 ya rubuta littafi yana cewa ilimin Afirka ya fuskanci buƙatun Afirka. Daga Safo zuwa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tafiyar mintuna ce. Nisan da ya rage a kanmu yake.

Shawarata ga mai shirin rubuta kundi bana: kafin ka buɗe kwamfuta, ka zauna da mutum ashirin daga cikin waɗanda kake cewa za su sayi kayanka, ka tambaye su da Hausa nawa suke kashewa yanzu, a kan me, kuma yaushe kuɗi ke shigo musu. Ka yi lissafinka kamar ba tallafi ko na dala. Ka sa kuɗin gyara da na canji. Sannan ka rubuta taƙaitawa shafi ɗaya da Hausa, ka karanta wa mai sayar da icce na unguwarku. In ta ce “wannan ba zai ci kasuwa ba”, ka tambaye ta dalili, ka rubuta amsarta a babi na farko.