Jinjina ga Makanikan Ƙafar Mota

A Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano akwai makanikan da ba a cika yaba musu ba, alhali ran fasinja yana hannunsu. Misali, direban Hiace ya canza wa ƙafar motarsa ƙarfen da taya ke zama a kai, sai ƙusoshin suka fara juyawa tare da noti. Mai gaggawa zai ɗiga walda ya karɓi kuɗinsa. Gwani ba ya haka, don ya san zafin walda yana kashe ƙwarin ƙarfe, wata rana ƙusa ta karye ana tsakar gudu.

Sai ya fitar da ƙusar, ya duba ƙananan haƙoran da ke gindinta, ya auna ramin da ya buɗe, ya nemo mai kauri daidai, ya matse ta har ta zauna daram. Wurin ɗaure noti kuwa ba ya bi a jere, tsallake-tsallake yake yi, domin rim ya kwanta sosai. Daga nan ya ce, “Alhaji, in ka yi kilomita 50 ka dawo in sake ɗaurewa.”

Direbobi, in kun samu irin wannan, ku biya shi haƙƙinsa ba ciniki.