Yaron da Ke Nitsewa a Tafki: Duba ga Hujjar Peter Singer

A shekara ta 1972 wani masanin falsafa ɗan ƙasar Ostareliya, mai suna Peter Singer, ya buga wata maƙala a kan yunwa da wadata, wadda har wa yau masana suke gardama a kanta. Ya rubuta ta ne a ƙarshen 1971, sa'ad da yaƙi ya kori miliyoyin mutanen Bangal ta Gabas zuwa Indiya. Ga misalin da ya kawo: mutum yana wucewa ta bakin tafki marar zurfi, sai ya ga yaro yana nitsewa. Wajibi ne ya shiga ya tsamo shi, ko da tufafinsa za su ɓaci da taɓo. To, in ji Singer, yaron da yunwa ke kashewa a ƙasa mai nisa hakkinsa ɗaya ne da na yaron tafkin, saboda haka mawadacin da ya riƙe kuɗinsa yana da alhaki a wuyansa.

A nan Singer ya faɗi gaskiya, gama nisa ba ya kankare hakki. Wanda ya san misalin Basamariyen nan na Linjilar Luka ba zai yi musu ba, domin baƙo ne ya ɗaure wa mai rauni miyakunsa. Hujjar kuma ta ba da amfani. A 2009 waɗansu masana a Ingila, Toby Ord da William MacAskill, suka kafa ƙungiyar da mutanenta ke alkawarin ba da kashi 10 cikin 100 na abin da suke samu.

Amma misalin yana da rauni. Yaron tafki ba ya magana, ba a kuwa tambaya yadda aka yi ya faɗa. Mai jin yunwa sau da yawa magidanci ne mai gona da iyali, wanda ya san abin da ya kai shi ga wannan hali. A 1981 masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna cewa ana iya mutuwa da yunwa alhali abinci yana nan, idan talaka ba shi da abin saye. Haka aka gani a Nijar a 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004: akwai hatsi a kasuwar Maraɗi, sai dai kuɗin tiya ya fi ƙarfin manomi, har ya sayar da bisashensa da araha, ya ci bashin da zai biya da kaka. In an tsamo shi bana ba a taɓa maganar bashin da farashin ba, baɗi zai koma cikin ruwan.

Rauni na biyu shi ne, misalin ya ɗora ido a kan mai bayarwa kaɗai. Ba ya ganin ɗan'uwan da ya tafi cin rani ya aiko da ɗan abin da ya samu, ko maƙwabciyar da ta raba tuwonta biyu, alhali su ne ke fara kai ɗauki tun motocin agaji ba su iso ba.

Ya kamata mai karatu ya karɓi rabin farko na hujjar, ya buɗe hannunsa ba tare da jinkiri ba. Sa'an nan ya zauna da wanda ya taimaka, ya tambaye shi abin da ke jefa shi cikin tafkin kowace shekara, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.