«Ressources humaines» da «arzikin mutane»: tsokaci a kan fassarar wata kalma

1. Gabatarwa

A manyan ma'aikatu da kamfanonin Yamai akwai ofishin da ake kira DRH, wato «direction des ressources humaines». Shi ke ɗaukar ma'aikaci, ya tsara albashinsa da hutunsa, shi ke kuma rubuta masa takardar sallama. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗauki Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, batun sunan wannan ofishi da Hausa ya zama abin da ya kamata masu nazarin harshe su duba. A wannan maƙala za mu auna fassarori biyu, mu nuna cewa kowacensu tana ɓoye wani abu game da matsayin ma'aikaci.

2. Asalin kalmar

Kalmar ba ta daɗe ba ko a Faransanci. Daga Amurka ta fito, inda Peter Drucker ya yi amfani da ita a littafinsa na 1954. A Faransa, cikin shekarun 1980 ne ta soma ture tsohon suna «direction du personnel», kuma ƙungiyar shugabannin wannan sashe, ANDCP, wadda aka kafa a 1947, ba ta koma ANDRH ba sai a 2007. Manufar canjin ita ce a riƙa lissafa ma'aikata cikin dabarun kamfani, daidai da jari da injuna.

3. Fassara ta farko: «albarkatun ɗan Adam»

Wannan fassarar kalma da kalma ce. Sai dai mai jin Hausa ya riga ya san «albarkatu» a wasu wurare:

(1) albarkatun ƙasa
(2) albarkatun noma
(3) albarkatun ɗan Adam

A (1) da (2) ana maganar abin da ake haƙowa ko girbewa, kamar uraniyom na Arlit ko albasar Galmi. Idan (3) ta bi sahunsu, ma'aikaci ya zama wurin da ake ɗiba. Fassarar ta riƙe ma'anar Faransanci sosai, har ta fito da abin da «ressources» ke lulluɓewa. Amma ba ta ce komi ba game da abin da ke wuyan kamfani.

4. Fassara ta biyu: «arzikin mutane»

Wannan kalma ta gida ce. Emmanuel Grégoire, a littafinsa Les Alhazai de Maradi (1986), ya nuna cewa girman attajirin Maraɗi ba a kuɗi kaɗai ake auna shi ba, har da yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa. Bara yana yi wa ubangida hidima, yana kai kaya, yana sayarwa. Ubangida kuma yana ɗaukar nauyinsa a biki da rashin lafiya, wata rana ya ba shi jari. Da irin wannan amana ake tafiyar da fatauci tsakanin Maraɗi, Katsina da Kano ba tare da takarda ba.

Grégoire ya fassara kalmar da «richesse en hommes». A ganinmu, wannan fassara ta ɗauki rabin ma'ana. Mu dubi aikin mahaɗin nan -n:

(4) arzikin Alhaji (wanda Alhaji ya mallaka)
(5) arzikin dabbobi (wanda dabbobi ne ainihinsa)
(6) arzikin mutane

Misali na (6) yana karɓar ma'anonin biyu: mutanen su ne dukiyar wani, ko kuwa arzikin nasu ne, suna da rabo a ciki. «En» ta Faransanci ta zaɓi ta farko, wato ta kalli dangantakar daga inda ubangida yake zaune. Bugu da ƙari, «arziki» ya wuce dukiya, ya haɗa da sa'a da baiwar Allah, shi ya sa ake cewa mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa. «Richesse» ba ta ɗauke da wannan.

Duk da haka, ba mu ba da shawarar a sa wa DRH wannan suna ba. Alherin ubangida kyauta ce. Bara ba ya da yarjejeniya a rubuce, ba ya cikin rajistar CNSS, kuma in ubangida ya rasu ko ya karye, ba inda zai kai ƙara. Kamfanin da ya ari kalmar zai iya neman biyayyar bara, alhali albashi kawai yake biya.

5. Harshen takarda

Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ba ma'aikaci haƙƙoƙin da bara ba ya da su. Da Faransanci aka rubuta ta. Wani mai gadi a wani kamfani ya taɓa kawo mana takarda mu karanta masa, yana zaton ta ƙarin albashi ce. Gargaɗi ne na biyu, kuma ya riga ya sa hannu a na farko bai san abin da ke ciki ba. Umurni yana iso masa da baki, da Hausa ko Zabarmanci, haƙƙinsa kuwa yana cikin harshen da ba ya ji. Kamfanin da ke maganar «culture d'entreprise» a irin wannan hali, al'adar shugabanninsa kaɗai yake nufi.

6. Kammalawa

Muna ganin sunan da ya fi dacewa shi ne wanda bakin jama'a ya saba da shi: «sashen kula da ma'aikata». Aikatau «kula» yana ɗora nauyi a kan ofishin, «ma'aikata» kuma tana ambaton mutane da aikinsu. Sunan ba zai wadatar ba sai an fassara yarjejeniyar aiki, takardar albashi da ta gargaɗi, kuma a Yamai dole aikin ya haɗa da Zabarmanci. Muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun bincike da su tattara kalmomin da ma'aikata da ƴan sandika ke amfani da su a tsakaninsu, kafin a ƙirƙiro wasu a ofis.