Taron Kiɗan Hebi Metal a Idon Kyamara: Sharhi a kan Fina-Finai Biyu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan wasu fina-finai biyu da suka ɗauki rayuwar mutane ta zahiri a wurin taron kiɗan da Turawa ke kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Na farko shi ne Heavy Metal Parking Lot, wanda Jeff Krulik da John Heyn suka ɗauka a Amurka a 1986. Na biyu kuwa shi ne Full Metal Village, wanda Sung-Hyung Cho, haifaffiyar Koriya ta Kudu mazauniyar Jamus, ta kammala a 2006. Abin da ya haɗa su shi ne, dukansu biyu sun juya wa dandamali baya, sun fuskanci jama'a. Tambayar da za a bi ita ce: wanda ya je ɗaukar bikin wasu mutane, me ya wajaba ya nuna kafin a ce ya yi musu adalci?

2.0 Asalin Kiɗan

Galibin masana suna danganta kafuwar wannan kiɗa da birnin Bamingam na Ingila, garin maƙera da masana'antu, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a watan Fabrairu na 1970. Makaɗin jitar ƙungiyar, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe tun yana saurayi. Wannan ya sa ya riƙa amfani da tsirkiya marar kauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinta, sai amon jitar ya yi ƙasa, ya yi kauri. Kiɗan ya ginu a kan jita mai aiki da lantarki wadda ake ƙure wa murya har amonta ya dagule, da ganguna masu ƙarfi, da gajeren zubi da ake ta maimaitawa, da mawaƙi mai ɗaga murya matuƙa. Judas Priest, wadda ita ma daga Bamingam ta fito, ita ta yaɗa shigar baƙar fata mai ƙusoshi da aka san mabiya kiɗan da ita.

Tun farko kiɗan ya sha zargi. A 1985 wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka ya zauna sauraron koke a kan kalmomin waƙoƙin zamani, kuma akwai waƙar Judas Priest cikin goma sha biyar da masu koken suka fi ƙyama. A 1990 an gurfanar da ƙungiyar a wata kotu a Nebada bisa zargin cusa ɓoyayyen saƙo a cikin faifai, amma alƙali bai same ta da laifi ba. A tsakanin waɗannan shekaru biyu aka ɗauki fim na farko.

3.0 Fim na Farko: 'Yan Kallo ba Tarihi

Ranar 31 ga Mayu 1986, Krulik da Heyn suka ɗauki kyamara suka shiga filin ajiye motoci na zauren Capital Centre da ke Landoba a jihar Merilan, inda matasa suka taru tun da rana tsaka suna jiran wasan Judas Priest. Fim ɗin bai wuce minti 17 ba. Babu mai ba da labari, babu masanin da aka kira ya yi fashin baƙi. Samari ne tsirara daga ƙugu zuwa sama saboda rana, da 'yan mata, zaune a kan motoci, suna shaye-shaye, suna ihu, suna ambaton sunayen makaɗan da suke ƙauna. Wanda aka fi tunawa shi ne wani saurayi mai tufafi masu zane irin na jakin dawa, wanda ya ɓarke da zagin wasu nau'o'in kiɗa da ba nasa ba.

Ƙarfin wannan fim yana cikin harshe. An bar matasan sun yi magana da bakinsu, da karin harshen unguwanninsu, da zaurancensu, ba a gyara ba. Mai nazarin harshe zai sami abin da ba kasafai littafi ke adanawa ba, wato maganar wasu matasan bayan gari a rana guda ta shekara guda. Shi ya sa fim ɗin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu a kaset ɗin bidiyo shekara da shekaru, har ya zama abin tarihi, musamman da yake an rushe zauren kansa a 2002.

Sai dai inda ƙarfinsa yake, nan rauninsa yake. An sami mutanen nan a sa'ar da suka fi fita hayyacinsu, aka ba kowa daƙiƙoƙi kaɗan, aka wuce. Ba a bi ko ɗaya zuwa gida ko wurin aiki ba. Ba a tsaya da kowa har ya faɗi abin da yake ji a cikin kiɗan ba. Saboda haka mai kallo yana fita da dariya fiye da fahimta, kuma wanda ya zo da zargin 1985 a ransa zai koma da shi yadda ya zo da shi, har da ƙarin hujja. Kyamara ba ta yi ƙarya ba, amma gaskiyar yini ɗaya ta nuna, ta bar mai kallo ya ɗauka ita ce gaskiyar rayuwa.

4.0 Fim na Biyu: Masu Masauki ba Baƙi

Wacken ƙauye ne a jihar Shilesbik-Holstain a arewacin Jamus, mai mutane wajen 1,800 a lokacin da aka ɗauki fim ɗin. A 1990 wasu samarin yankin, cikinsu har da Thomas Jensen da Holger Hübner, suka shirya wasa a wani fili, mutum wajen 800 suka halarta. Daga nan taron ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, inda dubun-dubatar mutane ke kafa tantuna a gonakin ƙauyen kowace bazara, wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta.

Cho ta ɗauki hanyar da ta saɓa wa ta Krulik da Heyn. Ta zauna da mutanen ƙauyen, ta saurare su a natse. Ana ganin mawaƙan coci suna gwaji, da manomi yana koya wa baƙuwar bambancin saniya da sa da maraƙi, da wani manomin mai wayon kasuwa da ke ba da hayar filayensa, da tsohuwa mai riƙon addini da ke tsoron abin da ta ji ana faɗa game da baƙin, da jikarta wadda ƙauyen ya yi wa ƙunci. Akwai kuma mutumin da aka fara shirya taron da shi, ya janye tun kafin abin ya yi albarka. Sai can wajen ƙarshe baƙin suke isowa. A nan ne fim ɗin ya kai ƙololuwa: 'yan kwana-kwanan ƙauyen, cikin kayan aikinsu, suna busa ƙahonin badujala, dubban matasa masu baƙaƙen riguna kuwa suna kaɗa kai da gashi kamar a gaban manyan makaɗansu. Wannan fage shi kaɗai ya bayyana yadda ɓangarorin biyu suka sami hanyar zama da juna, cikin raha wadda ba ta rasa girmamawa ba. Fim ɗin ya ci kyautar Max Ophüls a 2007.

Duk da haka, adalcin da Cho ta yi wa masu masauki ba ta yi wa baƙi irinsa ba. Kowane ɗan ƙauye yana da fuska da tarihi da abin da ke damunsa. Baƙin kuwa taro ne kawai, sun sauka kamar fara, sun tashi sun bar shara. Mai kallo ya san abin da manomi ya samu, amma bai san abin da ya sa wani ya yi tanadin shekara, ya yi tafiyar kwanaki, don ya kwana a gonar shanu ba.

5.0 Giɓin da Suka Bari

Abu biyu ne fina-finan suka bari a baya. Na farko shi ne kiɗan kansa. Robert Walser, a littafinsa na 1993, ya nuna cewa manyan makaɗan jita na wannan fanni sun yi karatun salon Bach da Vivaldi, kuma gwanintarsu ta sa'o'in gwaji ce masu yawa. Deena Weinstein kuma, a 1991, ta nuna cewa taron wasa shi ne inda makaɗa da mabiya da masu yaɗa kiɗan ke haɗuwa su tabbatar da kansu al'umma guda. Wanda ya kalli fina-finan nan biyu ba zai zaci akwai wani abin saurare a wurin ba.

Na biyu shi ne wahala, da ma'anarta ga masu shanta. Mai halartar irin wannan taro yakan tsaya tun hantsi har tsakar dare a fili ba inuwa, cikin baƙar riga mai zuƙar zafi, a matse tsakanin dubban jikuna, ƙura na tashi, har ma'aikata su riƙa miƙa ruwa ko fesa shi a kan sahun gaba. In ba rana ba, to taɓo: a 2023 ruwan sama ya jiƙa filin Wacken har aka dakatar da shiga, dubban masu tikiti suka koma gida. Abin yakan kai ga rai, domin a 1988 matasa biyu sun mutu cikin turmutsitsi a taron Donington na Ingila. Daga irin wannan hatsari ne wata ƙa'ida ta samu, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: a da'irar da ake bangazar juna a gaban dandamali, duk wanda ya faɗi, na kusa da shi za su tsaya su ɗaga shi. Abin da ke kama da faɗa daga nesa yana da dokoki daga ciki. Juriyar zafin kuwa ita ce kuɗin shiga na biyu, wanda ke raba wanda ya halarta da wanda ya ji a faifai. Krulik da Heyn sun tsaya a bakin ƙofa, Cho ta tsaya a bakin gona, babu wanda ya shiga da'irar.

6.0 Kammalawa

In za a auna, fim ɗin Cho ya fi nauyi, domin ta ba mutanenta lokaci, kuma lokaci shi ne farkon adalci a irin wannan aiki. Na Krulik da Heyn ya fi amfani ga mai neman harshe ɗanye, amma yana bukatar mai kallo mai taka-tsantsan. Matsalar da suka faɗa ciki ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin waƙar baka. Ɗalibin da ya rubuta baitocin Mamman Shata a takarda, ya bar kalangu da 'yan amshi da masu liƙi, ya kawo rubu'in wasa ne, haka ma wanda ya ɗauki hoton taro ya manta da abin da ake kaɗawa. Biki yana da makaɗi, da mai saurare, da mai masauki, da yanayin da aka yi shi a ciki. Kowanne daga fina-finan nan ya riƙe kusurwa ɗaya ya riƙe ta da kyau, don haka ya fi dacewa malami ya nuna su tare, sa'an nan ya sa wa ɗalibai faifan kiɗan su saurara kafin a buɗe muhawara.