Shege: Tsokaci a kan Da'awar Dusashewar Ma'ana

1.0 Gabatarwa

An sha faɗa a tsakanin manazarta cewa kalmar shege ta dusashe a bakin Hausawan yau, ta bar ma'anarta ta asali, wato wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba, ta koma kalmar raha ko ma ta yabo. Hujjar da akan kawo ita ce zantuka irin su shegen wayo da shegiyar mota. Wannan maƙala tana ganin an yi gaggawar yanke wannan hukunci.

2.0 Shaidar Ƙirar Kalma

Bargery (1934) da Abraham (1962) duk sun kawo ma'anar asali, kuma ita ce tushen sauran. A dubi shegantaka. Ɗafa-ƙeyar -ntaka takan fitar da sunan hali, kamar a jaruntaka da yarantaka, amma shegantaka tana nufin rashin kunya da tsageranci. Ashe tun a ƙirar kalma an ɗora mugun hali a kan yanayin haihuwa. A kuma kwatanta mazinaci da shege. Na farko an gina shi da ɗafa-goshin ma- a kan aiki, shi kuwa aiki ana tuba daga gare shi, a wayi gari an manta. Na biyu ba shi da wani aikin da mai sunan zai daina. Aikatau ɗin da ake da shi, wato sheganta, wasu ne suke yi masa. Ko sakayar nan ta ɗan gaba da Fatiha, wadda ake ɗauka ladabi ce, a ganina ta fi tonon asiri, domin lissafin watanni take yi.

3.0 Misali daga Kagarko

A Kagarko ta kudancin Kaduna, inda lalurar aiki ta zaunar da ni, Hausa ce harshen ciniki tsakanin Hausawa da Fulani da Koro da Gbagyi. Wanda ya tsinci Hausarsa a tasha ko wurin cinikin citta yakan ɗauki shege a matsayin motsin rai kawai, kamar yadda ta shiga Turancin Buroka da ma'anar wahala. Irin wannan muhalli shi ne ke samar da misalan dusashewa. To amma manazarcin da ya tsaya a tasha bai gama tattara bayanansa ba. Sai ya saurari kalmar ranar binciken asali kafin a ba da aure, ko ranar rabon gado, inda ba mai dariya. A lura kuma, wanda ba a shakkar ubansa shi ake jifa da ita cikin raha. A gaban wanda abin ya shafa, bakin kowa nauyi yake yi.

4.0 Harshe da Shari'a

Abin mamaki shi ne doka ta fi harshe sassauci. Sashe na 42(2) na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya gaji sashe na 39(2) na 1979, ya hana tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Fiƙihun Malikiyya, duk da ya karhanta naɗa ɗan zina limamin dindindin, yana neman duk wata kafa ta tabbatar da nasaba: ɗan da aka haifa wata shida bayan aure na mijin ne. A Satumban 2003, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta soke hukuncin jefewa da kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal a 2002, ɗaya daga cikin hujjojinta ita ce mas'alar kwantaccen ciki, wadda ta halatta a jingina ɗa ga tsohon miji har shekara biyar bayan saki.