Jinjina ga Injiniyoyin Siginar Jirgin Dubai

Tun 9 ga Satumba 2009 jirgin ƙasan Dubai ke zirga-zirga babu direba, 'yan kasuwarmu masu sauka a unguwar Deira sun saba har ba sa mamaki. Yabo kuwa na injiniyoyin sigina ne, waɗanda ke hawa layi da dare bayan an rufe tashoshi, suna duba na'urori ɗaya bayan ɗaya. Aikinsu ne ya sa kowane jirgi ke ƙirga juyawar ƙafafunsa, ya daidaita lissafin da alamomin kan layi, ya riƙa sanar da cibiyar kula da zirga-zirga da ke Rashidiya inda yake. Ƙofarsa kan tsaya cif da ƙofar gilashin tasha. In sadarwa ta yanke, jirgin da kansa zai taka birki.