Kalmar "Conjure" da Wahalar Fassara Ta Zuwa Hausa

A darasin fassara mun sha ba ɗalibai jimlolin Ingilishi masu ɗauke da kalmar conjure, kuma kusan kullum amsar da ke dawo mana ita ce "tsafi". Wannan ɗan nazari zai yi ƙoƙarin nuna cewa amsar ta yi wa kalmar ƙwauro, wani lokaci ma takan ɗora wa marubuci laifin da bai aikata ba, domin a kunnen Bahaushe tsafi ɗan'uwan shirka ne.

Asalin kalmar daga Latin yake, inda take nufin mutane su haɗu su yi rantsuwa. Ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci, da ma'anar roƙon mutum da sunan abin da ba zai iya tsallakewa ba. Bahaushe ya san wannan sarai, shi ne "na haɗa ka da Allah". Daga haɗa mutum da Allah aka koma tilasta wa aljani ya bayyana ta hanyar kiran sunansa, kamar yadda kirari da garaya ke sauko da iska a dandalin bori. Daga baya kalmar ta sauko kan mai dabo da rufa-ido, irin wanda yara kan yi wa zobe a bakin kasuwa. Turawa ma kan bambance ma'anonin da furuci: in roƙo ake nufi a ƙarfafa gaɓa ta biyu, in sihiri ne a ƙarfafa ta farko.

Shakespeare ya yi wasa da wannan harshen damo a Macbeth. A kashi na huɗu, lokacin da Macbeth ya je wurin bokayen mata uku, shi ne ya furta kalmar, yana gama su da sana'arsu don su amsa masa. Su kuma suka kira masa abubuwan da suka bayyana daga tukunya. Ke nan shi ya faɗi kalmar da ma'anar roƙo, su suka aikata ta da ma'anar sihiri. Ɗalibin da ya rubuta cewa Macbeth ya yi wa matan tsafi ya kifar da fitowar gaba ɗaya, ya mai da sarkin da ya zo bara ya zama boka. (Mun ce bokaye ne da gangan, "mayu" da aka saba faɗa kuskure ne, don ba kurwa suke ci ba.)

A ganinmu kalmar Hausa da ta fi kusa da zuciyar conjure ita ce kiranye, wato asirin da ake yi wa wanda ya yi nisa, ya kasa zaune ya kasa tsaye sai ya dawo gida. Ita ma ta yi ƙaura daga hannun boka zuwa siyasa: da ita 'yan jarida suka kira yunƙurin maido da Sanata Dino Melaye daga majalisa a 2017, ba wanda ya zaci an binne laya. Abin da ya haɗa kalmomin biyu shi ne kiran da ba a iya ƙin amsawa.

Ma'anar da ta fi shafar mai nazarin adabi kuwa ita ce ta zana abin da ba ya nan har mai karatu ya gan shi a zuci, kuma misalinta na nan gida. Cikin littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, Ruwan Bagaja da Ganɗoki cike suke da aljanu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta yana koyarwa a Midil ta Bauchi, bai jingina da aljani ba. An haifi marubucin a 1912, shekara 10 bayan Turawa sun ci Bauchi, saboda haka zamanin harin bayi bai gan shi da idonsa ba. Duk da haka ya zaunar da Shaihu a Rauta, ya sa ɗalibai suka tambaye shi asalinsa, sai ga Makau, ga ayarin Abdulkarim yana keta Sahara, ga uwa tana bin sawun ɗanta har Tarabulus. Idan Bature mai sharhi ya yi amfani da conjure game da wannan littafi, yabo yake yi, yana nufin Abubakar ya yi wa zamanin da ya shuɗe kiranye da alƙalami. Mai fassarar da ya sa "tsafi" a nan ya yi ƙazafi ga wanda ya rubuta littafin da ya fi sauran na gasar ƙamshin malanta.